Baba Nomau, Direban Motar Asibitinmu

Ranar awon ciki ce, mata sun cika rumfar asibitin da nake aiki a nan Tawa, sai waya ta yi ƙara cikin aljihun rigata. Ba al'adata ba ce in ɗauki waya ina kan duba mace, amma da na ga sunan Zali, babbar ɗiyar Baba Nomau, sai na amsa. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, “Anti Salamatu, Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi.” Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa auna matar da ke kwance gabana. Sai da ta fita na zauna a kujera, na daɗe ban iya kiran ta bayanta ba.

Waɗanda suka san Baba Nomau a shekarunsa na ƙarshe sun san wani tsoho ne mai sanda da baƙin tabarau da manyan takalma rufaffu, wanda ake gani a bakin tasha ko kusa da kasuwar dabbobi yana tsare mutane da tambaya. Wasu ma suna yi masa kallon mai shisshigi. Ni na san shi tun yana da ƙarfinsa, na kuma kasance tare da shi a ranar da rayuwarsa ta juya. Shi ya sa na ga ya wajaba a kaina in faɗi abin da na sani, don iyalinsa su ji daga bakin wadda ta gani, don kuma masu irin ciwonsa su ji.

Ina sabuwar unguwarzoma, ban daɗe da fita makaranta ba, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a arewacin Takanamat. Mu kaɗan ne a wurin: Majo Agali, babban malamin jinya, wanda shi ne shugabanmu, da ni, da masu taimaka mana, sai Baba Nomau direban ambilans. Ba mu da ɗakin tiyata, ba mu da jinin da za mu ƙara wa kowa. Duk macen da haihuwa ta zo mata da gardama, ko yaron da zazzaɓi ya cinye wa jini, mafitarsu ɗaya ce: a sa su a mota a kai su Tawa. Tsakaninmu da Tawa kuwa akwai dabagi, wato tudu mai faƙo da jan dutse, da gangare, da rairayi, da ƙoramu waɗanda suke bushe ƙamas duk rani, amma da damina sukan cika cikin ɗan lokaci su tafi da raƙumi. Duk abin da na koya a makaranta, in ya kai iyakarsa, hannun Baba Nomau yake komawa.

Abin da na fara lura da shi game da shi ƙarami ne. Ranar da na fara raka mai naƙuda, kafin ya tada mota sai na ga ya sa hannu ya juya madubin da ke tsakiyar mota ya kalli rufi. Na ɗauka gyara yake. Daga baya na gane duk lokacin da mace ke bayansa haka yake yi, don kada idonsa ya faɗa kan abin da ba ta so a gani. Bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. In mun dawo kuwa, komai gajiya, ba ya tafiya gida sai ya wanke cikin motar da hannunsa. Na taɓa ce masa ya bari sai gobe. Ya ce, “Wadda za a ɗauka gobe, Madam, bai kamata ta ga jinin ta yau ba. Tsoronta ya ishe ta.”

Yana jin Tamashek kamar a cikin rugar Buzaye aka haife shi, saboda a ƙuruciyarsa ya yi yaron mota a manyan motocin da ke zuwa arewa. Matan da ba su jin Hausa, waɗanda sukan rufe fuska su ƙi magana in na tambaye su, da sun ji muryarsa daga gaba sai su saki jiki. In kuma gawa muka ɗauko daga Tawa za mu mayar wa danginta, ba ya kunna jiniya, ba ya gudu, yakan tsaya nesa da gidan ya sauka ya shiga da ƙafa ya yi sallama tukuna. Ba mutum ne mai yawan dariya ba. Yana da zafi in an ɓata masa lokaci, ya sha yi wa mazajen da ke tsayawa shawara faɗa alhali matansu na zubar da jini. Wata maganarsa da na ji ya faɗa wa Majo ba sau ɗaya ba ita ce, “Wanda ke kwance bayana bai zaɓi hanya ba, bai zaɓi direba ba. Amana ta aka aza min.”

Ciwon sukari ya shigo masa a hankali. Mun fara ganin yana yawan shan ruwa, yana tsayawa a hanya don fitsari, abin da ba halinsa ba, ga rama. Majo ya auna shi, ya ce sukarinsa ya hau ƙwarai. Aka ɗora shi kan magani, aka hana shi shayin nan mai kauri da yake sha tare da Buzaye, aka ce ya rage fura. Ya bi doka iya yadda mai aikin hanya zai iya. Wani lokaci maganin ya ƙare a kwana biyu ba a samu ba, wani lokaci ya wuni a mota bai ci komai ba, in ya samu kuma ya ci abin da ya tarar. Haka aka ɗauki shekaru.

Daga nan ya soma kukan ƙafa. Da farko ya ce kamar tururuwa ke yawo a tafin ƙafarsa. Bayan wani lokaci ya ce zafi suke yi kamar ya taka toka mai wuta. Can kuma sai ya daina kuka gaba ɗaya, har ya ce mana ya samu sauƙi. Wata safiya ina fitowa daga ɗakin haihuwa na ga sawun jini a kan simintin baranda, na bi shi da ido har inda Baba Nomau ke tsaye yana hira da wani. Ƙayar aduwa ce ta huda takalminsa ta shige cikin diddige. Tun daga gida ya tako ta, bai ji ba. Da Majo ke cire ta, shi kallon waje yake yi, ko motsi bai yi ba. A ranar na ga fuskar Majo ta sauya, ya ce wannan ba sauƙi ba ne, jijiyoyin jin ne suka mutu, dole ya je Tawa likita ya gan shi.

Ni na raka shi, don ranar muna da mara lafiyar da za mu kai. Likitan ya sa ya rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zare mai ɗan tauri yana tambaya ko ya ji. Bai ji ba, sai can wajen idon sawu. Likitan ya ajiye zaren ya tambaye shi yaushe rabon da a duba masa ido. Baba ya yi mamaki, ya ce shi ƙafa ta kawo shi. Likitan ya yi masa bayani a natse. Ya ce akwai ƴan ƙananan hanyoyin jini, sirara fiye da gashi, su ke ciyar da jijiyoyin ƙafa, irinsu kuma su ke ciyar da bayan ido, wurin da gani yake. Sukarin da ya daɗe a jini har ya lalata na ƙafa, da wuya a ce ya ƙyale na ido. Bambancin kawai, ita ƙafa takan nuna, shi kuwa ido yakan yi shiru, mutum na gani garau alhali ɓarna na ci a ciki, sai ranar da jini ya ɓalle. Ya ce ya je a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa ciki, kada ya jira sai ya ga alama.

Baba ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya yi godiya. Da muka fito ya ce min shi yana hango akuya a kan dabagi tun kafin ni in gan ta. Ya ce in an ɗiga masa maganin nan an ce zai wuni yana gani dishi-dishi, wa zai mayar da mota? In kuma aka ga wani abu aka ce sai Yamai, wa zai riƙe ta? Damina ta kawo kai, lokacin zazzaɓi ne da yankewar hanya, kuma babu wani direba a hannu da ya san mashigan ƙoramun nan. Ya ce, “Bayan damina, Madam. Na yi miki alkawali.”

Ba gardamar banza yake yi ba, wannan ne ya sa abin ya yi mana nauyi. Majo ya nemi a aiko wanda zai canje shi ko na ɗan lokaci, ba a samu ba. Mun yi masa magana tare, mun yi masa ɗai-ɗai, mun haɗa da matarsa, Iya Hadiza. Har Majo ya tambaye shi yadda yake jin birki da ƙafar da ba ta ji. Ya ce da gwiwa yake ji, da kuma kukan inji. Gaskiya ne tuƙinsa bai sauya ba a idonmu. Amma tun daga lokacin, duk fitar da muka yi, idona na kan ƙafarsa, in mun zo gangare kuma sai in ji na riƙe numfashi.

Cikin tsakiyar damina, wata rana bayan azahar, aka kawo mana wata matashiyar Buzuwa a kan amalanken jaki, sunanta Tekna. Cikinta ya tsufa, jini na zuba, cikin ya yi tauri kamar itace. Na sa abin saurare na nemi bugun zuciyar ɗan, na nema na sake nema, ban ji ba. Na gane mabiyiya ce ta saɓule kafin haihuwa. Ita kanta idonta ya yi fari, hannunta sanyi. Muka ɗaura mata ƙarin ruwa, Majo ya ce a tafi yanzu. Mijinta Alhuseini da uwar mijin suka shiga baya tare da ni. Gabas ta riga ta yi baƙi da hadari, iska ta soma kaɗa geron da ke bakin hanya. Kowa ya san in ruwan ya sauka a kan duwatsu kafin mu ƙetare babbar ƙorama, to sai dai mu kwana a wannan gefen, ita kuwa ba ta da jinin da za ta kwana da shi.

Mun haye dabagi lafiya, muna cikin gangarowa, sai na ji motar ta rage gudu. Na ɗauka rami ne. Ta ƙara ragewa, ta tsaya cak, injin na aiki. Baba bai waiwayo ba. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Madam, zo gaba.”

Na miƙa wa tsohuwar ledar ruwan na nuna mata yadda za ta ɗaga ta, na zagayo. Na same shi ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana ƙifta ido.

Ya ce, “Kada ki ɗaga murya. Wani abu ya zubo cikin idona na dama, kamar an ɗiga tawada cikin ruwa. Yanzu ya rufe.”

Na ce, “Na hagun fa, Baba?”

Ya ce na haunin ya kwana biyu yana yi masa hazo, da na daman yake aiki. Yanzu da shi yana ganin haske da duhu da manyan abubuwa, amma ba ya rarrabe rami da inuwa.

Na duba waya, babu layi. Babu gari kusa. Ni ban iya tuƙi ba, Alhuseini ma haka. A bayanmu iskar ta taso da ƙamshin ruwa, ɗigon farko ya fara bugun gilashi. Ina jin nishin Tekna ta cikin ƙarfen da ya raba mu.

Abin da ya yi daga nan shi ne abin da na fi girmama shi da shi. Ya kira Alhuseini, ya faɗa masa gaskiya da Tamashek, bai rage komai ba: cewa idonsa ya tafi, in an tsaya matarsa na iya mutuwa a nan, in an ci gaba motar na iya kifewa da su duka. Ya ce matarsa ce da uwarsa, don haka shi Alhuseini ne zai yanke shawara. Mutumin ya dubi sama, ya dubi bayan motar, ya ce a tafi.

Baba ya juyo wajena ya ce, “Ɗiyata, hanyar tana cikin kaina. Ke dai ki zama idona. Ki ce dama, ki ce hauni, ki ce rami. Kada ki yi shiru ko da babu komi.”

Haka muka sauka gangaren. Ina kira, yana bi. Wani wurin kafin in faɗa ya riga ya karkata, don ya san inda dutsen yake tun shekaru. Wani wurin kuma ruwan bana ya ci hanya ya sauya ta, sai in ɗaga murya ya taka birki motar ta yi tsalle, tsohuwa ta yi salati a baya. Ban daina magana ba. Rabin hankalina na baya wajen macen da na bari hannun tsohuwa, ba ni da halin in koma in duba ta.

Da muka iso bakin ƙorama ruwan sama ya riga ya sauko sosai, ita ma ta fara kawowa, jan ruwa mai kumfa ɗauke da karare. Bai cika ba tukuna, amma ana ganin yana ƙaruwa. Baba ya tambaye ni ko ana ganin wani baƙin dutse da ke tsakiya ta hannun dama. Na ce kansa kawai ya rage. Ya ce to akwai sauran hanya, amma ba ta daɗewa. Ya tambayi wane irin kaya Alhuseini ya sa. Na ce farar riga. Ya ce masa ya sauka ya shiga ruwan ya yi gaba, ya bi inda ƙasa ke da tauri, shi zai bi farin. Mutumin ya tattare riga ya shiga, ruwan ya kai masa gwiwa, ya wuce.

Muka shiga bayansa. Ina jin ruwan na dukan gefen motar yana tura ta. Mun kai wajen tsakiya sai kukan injin ya fara sauka. Baba ya ce yana taka totur amma ba ta amsawa. Na san in ta mutu a nan ba za ta sake tashi ba. Na leƙa ƙasa. Girgizar shiga ruwan ta zame masa da ƙafa, tana gefen totur, ƙasan motar yake dannawa da dukkan ƙarfinsa, bai sani ba. Ban tsaya bayani ba. Na durƙusa na kama ƙafar da hannu biyu na ɗora ta a wurinta, na riƙe ta a nan. Injin ya yi gurnani, motar ta yi kamar za ta juya, sannan ta kama ƙasa. Ban ga fitarmu ba, kaina na ƙarƙashin sitiyari. Na ji dai tayoyin sun hau tsakuwa, na ji ya ce alhamdulillahi.

Ba mu yi nisa ba muka iso wani ƙauye da ke bakin babbar hanya, inda wata motar kasuwa ta fake wa ruwa. Tun kafin in ce komai Baba ya tsaya, ya ce in nemo direbanta. Wani magidanci ne, bai yi musu ba. Baba ya sauka yana lalube, ya zagaya ya zauna a gefe, ni na koma wajen Tekna. Da sauran numfashinta. A haka muka shiga Tawa.

An yi mata tiyata, an ƙara mata jini, ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba. Baba na zaune a kan benci bakin ɗakin, ya ƙi a kai shi wajen likitocin ido sai ya ji sakamako. Da na faɗa masa, ya tambaye ni ko tsayawar da ya yi a gangare ce ta kashe yaron. Na ce masa tun kafin mu baro asibitinmu ban ji bugun zuciyarsa ba, likitan da ya yi aikin ma ya tabbatar da haka. Ya gyaɗa kai. Amma wannan tambaya ya sake yi min ita bayan wata ɗaya, ya sake bayan shekara, kullum kamar bai taɓa yi ba, ni ma kullum in ba shi amsa ɗaya. Alhuseini ya zo ya durƙusa gabansa ya riƙe hannunsa yana ta faɗin tanimmirt, wato godiya. Baba ya zaro mabuɗan motar daga aljihu ya miƙa min, ya ce in kai wa Majo.

Da aka leƙa idon, likitan ido ya ce ɓarnar ta daɗe a duka biyun. Hanyoyin jinin sun toshe, wasu sababbi marasa ƙwari sun tsiro, su ne suka fashe. Ya ce da an gani tun lokacin da ƙafar ta daina ji, da akwai abin da za a iya tsarewa da yawa. Aka tura shi Yamai, aka yi masa aikin ƙona wuraren da haske. Na daman bai dawo ba sai ɗan gani-gani. Na hagun aka ceto abin da ya rage, yana gane mutum in ya matso, yana iya kai kansa masallaci. Da Majo ya zo gaishe shi, Baba ya riga shi magana. Ya ce, “Na ce muku bayan damina. Ashe ba da ni kaɗai anka yi alkawalin ba, shi ciwon bai ce ya yarda ba.” Bai ɗora wa kowa laifi ba, bai kuma nemi a ce masa ba shi da laifi ba.

Ya dawo gidansa na Tawa da zama, ni ma bayan wasu shekaru aka dawo da ni gari. Mutumin da ya saba ratsa daji ya koma lissafin taku tsakanin ƙofar gida da masallaci, kuma hakan ya ci shi ƙwarai. Akwai lokacin da ya daina fita, ya daina karɓar baƙi, har Iya Hadiza ta aiko a kira ni. Abin da ya fito da shi wani abokinsa ne, dillalin shanu, da ya zo gaishe shi yana kukan cewa tafin ƙafarsa na yi masa zugi, kuma shi ma an ce yana da sukari. Baba ya tashi zaune ya tambaye shi ko an duba idonsa. Dillalin ya yi dariya ya ce idonsa lafiya lau. Washegari Baba ya ɗauki sanda ya je har kasuwar dabbobi, ya kama rigar mutumin ya ƙi saki sai da suka hau kabu-kabu zuwa wajen likitocin ido. Aka sami ɓarnar ta fara, aka tare ta da wuri. Wannan dillali da idonsa ya zo jana'iza.

Tun daga nan ya samu abin yi. Duk wanda ya ji an ce yana da ciwon sukari, a tasha ko a kasuwa ko a wurin suna, sai ya matsa kusa ya tambaye shi ƙafa. In ya ce tana yi masa tururuwa ko ta yi nauyi, to ya shiga uku da Baba Nomau har sai ya je an leƙa idonsa. In mai ciwon ido ne kuma, sai ya ce ya cire takalmi a duba. Wasu sun bi, wasu sun guje shi, wani ma ya taɓa zaginsa a gaban jama'a. Direbobi ya fi takura wa. Yakan ce musu, “Ni ƙafata ta hwaɗa min, likita ya hwaɗa min, na ce sai na gama aiki. Kai kada ka jira ka ji da mutane bayanka.”

Akwai wata wahalar da ba kowa ya sani ba. Mai ƙafar da ba ta ji, da ido yake tsaron ta, ya duba ko ya taka wani abu, ko takalmi ya ci shi. Shi kuwa ba ya ji, ba ya gani. Sai aikin ya koma kan Iya Hadiza. Kowace yamma bayan la'asar, da sauran haske, takan kawo ruwa a roba ta taɓa da gwiwar hannu ta ji zafinsa, ta wanke masa ƙafafu, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa mai, ta zazzage takalmansa ta sa hannu ciki. Ba ta fasa ba ko ranar da take zazzaɓi. Saboda ita ne ya rasu da ƙafafunsa biyu. Shi da kansa ya ce min bai san yana da mata ba sai da ya rasa ido, duk shekarun baya motar ya aura.

A ƙarshe ciwon ya sauka a ƙoda. Jikinsa ya kumbura, ƙarfi ya ƙare, aka yi ta kai shi ana dawowa. Zuwana na ƙarshe na same shi kwance a rumfa, ya gane ni da sallama. Muka gaisa, sai ya ce ya ji an ce mahaifiyata ma da sukari ta rasu, ni na auna nawa kuwa? Na ce aiki ya yi yawa, zan yi. Ya ɗaga kai daga matashi da ƙyar, ya juyo da fuskarsa inda muryata take, ya ce, “Ni za ki hwaɗa wa aiki ya yi yawa?” Washegari na auna. Na aika masa da Zali cewa lafiya lau, ta ce ya yi murmushi ya ce in sake baɗi.

Ranar da aka kai shi, na zauna cikin mata a tsakar gidan har yamma. Da la'asar ta sakko, muna zaune, sai Iya Hadiza ta miƙe ta nufi randa ta ɗauki robar nan ta fara zuba ruwa. Sai da ta kai rabi ta tsaya. Ta daɗe tsaye da moɗa a hannu. Zali ta tashi ta karɓi robar, ta kamo ta ta zaunar. Duk wunin ban ga hawayenta ba sai a lokacin.

Ya Allah, ga bawanka Nomau ya zo gare ka. Ka jiƙan sa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya daɗe yana ɗauke da shi ya zama kaffara. Ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi, ka tabbatar da ƙafarsa a kan siraɗi. Ka saka masa da alheri gwargwadon rayukan da ya kai inda za a cece su, da waɗanda ya mayar wa danginsu cikin mutunci. Ka ba Iya Hadiza haƙuri da ladan hidimarta, ka raya Zali da ƙannenta a kan tafarkin kirki, ka haɗa kansu. Masu fama da wannan ciwo, ka ba su lafiya da ikon neman magani da wuri. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.